Gargaɗi ga Jama'ar Randagi: Ku Yi Hattara da Jiƙon Jarka

Jama'ar Randagi da ƙauyukan kewaye, don Allah a saurara. Jiƙe-jiƙen da ake yawo da su ranar kasuwa cikin jarka da robar lemo, ana shela da lasifika wai maganin basir ne da sanyi da shawara da ƙarfin maza duk a kwalba guda, suna iya kashe ƙoda, su ƙone hanta.

A watan Yunin 2023, binciken jaridar Premium Times da DUBAWA ya nuna cewa maganin nan da ake kira Baban Aisha ya lalata ƙoda da hantar dabbobin da aka gwada shi a kansu. Hukumar NAFDAC ta rufe wurin haɗa shi. Wannan fa mai suna ne da tambari. Ina ga wanda babu ko rubutu a jikinsa?

Ba a ce itatuwan dajinmu ba su da amfani ba. Amma akwai masu dafi. Dangin dumar dutse, wato maɗacin ƙasa, na ɗauke da gubar da ta lalata ƙodar mata sama da 100 a Beljiyam a farkon shekarun 1990, bayan sun sha maganin rage ƙiba. Gubar ba ta san Bature ko Bahaushe ba.

Mun san halin da rashin tsaro ya jefa mu. Fita asibiti ta zama aiki, dole mutum ya koma ga sassaƙe. Sai dai ƙoda ba ta kuka da wuri. In ta tsaya, wankin ƙoda ake yi sau 2 ko 3 a mako, a Kaduna ko Shika. Wane manomi ne zai ɗauki wannan?

Masu hawan jini, da ciwon suga, da ciwon hanta, da mata masu ciki, kada ku kusanci jiƙon da ba ku san haɗinsa ba. Kada a ɗura wa jarirai. Kada a haɗa shi da ƙwayoyin ciwon jiki na kemis.

Wanda ya ga ƙafa ko fuska ta kumbura, fitsari ya ragu ko yana kumfa, ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ya daina sha nan take. A kai shi babban asibitin Birnin Gwari, a tafi da kwalbar, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Limamai da masu unguwanni, ku isar da wannan a masallatan Juma'a.