Motar Da Take Jijjiga Ƙashi: Ta Ina Za A Fara Gyara?

Wani ɗan'uwa, malamin makaranta da ya yi ritaya a Kaduna, ya kawo mana kukansa a kwanakin baya. Sa'ad da aka biya shi kuɗin sallama, sai ya cika burin da ya daɗe da shi, ya sayi mota 'yar Kwatano, Toyota Camry ƙirar 2009, irin wadda dillalai suke kira Masul. Inji lafiya lau, fenti kamar jiya aka shafa. Amma tafiya ɗaya ya yi da mahaifiyarsa, daga ƙauye zuwa asibitin da ake duba mata ciwon baya, tsohuwa ta ce ita da motar nan har abada, gara a nemo mata ta haya. Duk ɗan ramin da taya ta taka sai mutum ya ji shi a ƙugu. Bakanike na fari ya ce shokazoba ce ta mutu, a sauya duka huɗu. Na biyu ya ce a ɗaga motar. Mai faci kuma ya ce a rage iska kawai, magana ta ƙare. Abin da ya rage a aljihun malam kuwa bai kai a yi ta gwaje-gwaje da shi ba.

Da muka je muka zagaya motar, sai muka ga haruffa biyu a bayanta, SE. To, a nan rabin amsar take. Kamfanin Toyota yakan fitar da Camry don kasuwar Amurka a kashi-kashi. LE da XLE an yi su ne domin mai neman tafiya mai laushi. SE kuwa da gangan aka taurara ƙafafunta saboda masu son gudu da shan kwana. A ƙirar 2007 zuwa 2011 an sa mata sifirin da shokazoba masu tauri, da rim na inci 17 a maimakon 16, har ma da wani ƙarfen tokare a bayan kujerar baya, wanda shi ya sa kujerar ba ta naɗewa. Wato motar malam ba ta lalace ba. Abin da aka ƙera ta ta yi, shi take yi, sai dai a kan hanyar da ba ita aka yi wa lissafi ba. Haka zancen yake ga BMW mai alamar M Sport, da Audi mai S line, da Golf GTI. Dillali yakan ce maka ai wannan ita ce babbar, ya ƙara kuɗi a kai, mai saye kuwa ba ya ganewa sai ya bar kwalta.

Dattawanmu da suka taso da Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, suna da dalilin yin gunaguni. Ita an yi mata sifirin mai laushi mai doguwar tafiya sama da ƙasa, da taya mai tudun roba, shi ya sa take haɗiye gargada kamar ba ta gani ba, har ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Wanda bayansa ya saba da wannan, in ya shiga mota mai ƙafar tsere dole ya ce akwai abin da ya karye.

Domin a gane gyaran, sai a fara sanin aikin kowane abu. Sifirin shi ne yake ɗauke da nauyin mota, yana lanƙwasawa in an taka tudu. Shokazoba ba ta ɗaukar kaya, aikinta shi ne ta hana sifirin ci gaba da rawa bayan an wuce tudun. Amma kafin bugun hanya ya kai ga waɗannan biyu, taya ce take fara karɓarsa. Iskar da take ciki da robar gefenta, su ne sifirin na farko. Saboda haka a ganinmu duk wanda ya fara da sayen shokazoba ya fara daga tsakiya, ya kuma fara da mai tsada.

Mu ɗauki iska tukuna, gama ita ba ta cin ko sisi. Masu faci da yawa sukan duba lambar da take jikin taya, 44 ko 51, su hura har kusa da ita, wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa. Wannan lamba ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba ita ce awon motarka ba. Awon motarka yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a yawancin ƙananan motoci kuma tsakanin 30 da 35 yake. Tayoyin malam mun same su a 46. Taya mai iska haka kamar dutse take, ba ta lotsawa, tsakiyarta kaɗai take cinyewa, riƙon birki kuma yakan ragu. A auna da safe kafin a tuƙa, domin zafi yana ƙara awon, kusan ɗaya ga kowane digiri biyar ko shida. Ma'aunin iska na aljihu ba shi da tsada, ya kamata kowane mai mota ya ajiye nasa.

Amma fa a nan akwai gargaɗi, muna kuwa so a ji shi da kyau. Kada jin daɗin laushi ya sa a sauko ƙasa da abin da takardar ta ce. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima, ta yi zafi daga ciki, a kan doguwar hanya da rana tsaka sai ta fashe ba sallama. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan haɗurra masu yawa na motar Ford Explorer, cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai kuwa har da awon iska na 26 da Ford ya rubuta wa motar. In manyan injiniyoyi sun yi rigima a kan bambancin awo huɗu, bai kamata mu bar wa mai faci ya yanke hukunci da ido ba.

Bayan iska sai girman taya, a nan ne kuma muka ga canji mafi girma da kuɗi kaɗan. A jikin kowace taya akwai rubutu irin 215/55R17. Lambar farko faɗin taya ne a milimita. Ta biyu tana nuna tsayin robar gefe, kashi nawa ne cikin ɗari na faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne a inci. To, kashi 55 cikin ɗari na 215 ya ba da milimita 118. Tayar LE ta waɗannan shekaru 215/60R16 ce, robarta milimita 129. Bambancin milimita 11 kamar ba kome ba ne a takarda, amma a ƙugu ana jinsa. Ga masu sabbin motoci abin ya fi haka, gama taya 225/45R18 robar gefenta milimita 101 ce kacal. Irin wannan in ta faɗa rami mai kaifin baki, sai robar ta matse tsakanin kwalta da ƙarfe, taya ta yi ƙulu a gefe ko rim ya lanƙwashe. Taya mai ƙulu kuwa ba ta da magani, sai jefarwa.

Dabarar ita ce a rage rim a ƙara roba, amma tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya yadda yake. Ƙafar inci 17 da muka ambata tsayinta milimita 668 ne, ta inci 16 kuma 664, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, saboda haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba, na'urar birki ta ABS ma ba za ta rikice ba. A kula da abu uku wajen saye. Ramukan noti su dace, na Camry biyar ne a kan awon 114.3. Rim ya wuce kan birki ba tare da gogawa ba, a gwada ɗaya a ƙafar gaba a juya da hannu kafin a biya kuɗi. Sa'an nan lambar ɗaukar nauyi ta sabuwar taya kada ta gaza ta tsohuwar. Abin daɗin shi ne samari suna neman manyan rim ruwa a jallo, don haka a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba wuya a sami mai yin musaya. Tayar inci 16 kuma galibi ta fi sauƙin kuɗi.

Shekarun taya ma suna da nasu. Roba tana bushewa, ta taurare, ko da zanenta bai cinye ba. A nemi rubutun da ya fara da DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Michelin yana ba da shawara a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, a kuma sauke ta in ta kai goma ko yaya take da kyau a ido. Tayoyin gwanjo da yawa sun riga sun ci rabin wannan kafin su hau jirgin ruwa, wasunsu ma na ƙanƙara ne, waɗanda ba a yi robarsu domin zafinmu ba. Masu BMW kuma su duba ko tayoyinsu irin waɗanda ake iya tafiya da su bayan sun sace ne. Gefensu yana da kauri ƙwarai, shi ne yake kawo taurin. Ana iya komawa tayar yau da kullum, amma sai an tanadi safaya da jak, domin irin waɗannan motoci sau da yawa ba sa zuwa da su.

Sai bayan an gama da taya, an kuma bi hanya ɗaya da gudu ɗaya an ji bambanci, za a shiga ƙarƙashin mota. Shokazobar da ta mutu ba laushi take kawowa ba, yadda wasu suke tsammani. Motar takan yi ta tsalle bayan tudu, ta dunguri ƙasa da hanci in an taka birki, a babban rami kuma ta buga har ƙarshe da ƙara. A duba ko mai yana tsiyaya a jikinta, a shafa taya a ji ko ta cinye tudu-da-kwari. Masu ƙera ta irin su KYB da Monroe suna cewa a duba ta sosai in ta yi kilomita 80,000, agogon motar Amurka kuwa da mil yake ƙirga, mil 50,000 ke nan. In za a sauya, a sauya biyu-biyu, dama da hagu tare. A duba robar da take saman shokazoba, da 'yar robar da take tare bugu na ƙarshe, wadda takan ruɓe ta zube ba wanda ya lura. A duba sifirin ɗin kansa, gama motocin da suka fito daga jihohin da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara sukan zo da tsatsa, wani lokaci ma zagaye ɗaya ya karye.

Ga wani ƙaramin abu da kanikawa da yawa suke wucewa. In an sa sabon bushin, kada a ɗaure notinsa tam motar tana rataye a kan jak. A sauke ta ta zauna a kan ƙafafunta tukuna. In ba haka ba robar za ta kasance a murɗe kullum, tafiya ta yi tauri, bushin ɗin kuma ya yage da wuri. A kuma guji bushin na roba mai tauri mai launin ja ko rawaya da ake tallarsa da sunan ƙarko. Yana da ƙarko, gaskiya ne, amma kowane tsakuwa sai ya kawo maka shi cikin mota.

Wanda ya yi duk wannan bai gamsu ba, akwai mataki na ƙarshe, shi ne a cire sifirin da shokazoba na SE a sa na LE na shekara ɗaya da inji iri ɗaya, ƙafa huɗu gaba ɗaya, sa'an nan a kai ta a daidaita ƙafafu. Kada a haɗa sifirin mai tauri da shokazoba mai laushi, domin ba za ta iya riƙe shi ba, motar sai ta riƙa lilo. Kada kuma a yi gaba a bar baya, gama hakan yana canja halin mota a kwana. Mu faɗi gaskiya, motar za ta ɗan ƙara kwantawa in an sha kwana, sitiyari ba zai yi kaifin dā ba. Ga mai kai iyali asibiti da kasuwa, ba mu ga asara a nan ba.

Batun ɗaga mota da zobe a kan sifirin, wannan maganin gogar ƙasa ne, ba ya ƙara laushi ko kaɗan. Gasa sifirin da wutar walda don ya yi laushi kuwa, wanda muka taɓa gani da idonmu a wani gareji, lalata ƙarfen ne, wata rana zai karye a kan gudu. Lodi ma a rage. In an cika but da buhunan masara uku, ga mutum huɗu a baya, sifirin ya riga ya matse tun kafin a tashi, ba sauran wurin da zai lotsa.

Malam dai bai sayi shokazoba huɗu ba. Ya mai da iska awon da takardar ƙofa ta ce, ya yi musayar rim ɗinsa da na inci 16, ya sa sabbin tayoyi. Da aka ɗaga motar aka tarar shokazobar baya ta hagu tana zubar da mai, aka sauya na baya biyu. Har yanzu ba ta zama 504 ba, a kan gargada tana sanar da kai cewa SE ce. Amma a makon jiya ya kai Mama asibiti a kujerar gaba, da matashi a bayanta, ya dawo da ita. Maganar sauya sifirin ya ce sai bayan an biya kuɗin makarantar auta.