Ruwan Rini a Lambatu: Haɗarinsa da Dabarun Kashe Dafinsa

Duk wanda ya ratsa unguwannin da ake rinin shadda a Kano ya san yadda lambatu ke sauya kala: yau shuɗi, gobe ja, jibi baƙi ƙirin. Ruwan nan yana gangarawa rafin Jakara, na masana'antun Sharaɗa kuma ya faɗa kogin Challawa. A gaɓar waɗannan ruwaye ne manoman rani ke ban-ruwan latas da alayyafon da ake kawo mana kasuwa.

Rinin kakanni irin na Ƙofar Mata da baba da toka ake haɗa shi. Galurar zamani kuwa daga sinadarai take, tun da William Perkin ya haɗa ta farko a Ingila a 1856. An yi ta ne don kada ta koɗe a rana ko a wanki, kuma wannan ƙarkon ne ke sa ta daɗe a cikin ruwa. Tana tare hasken rana, tsirran ruwa su mutu, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Fiye da rabin galurar da ake sayarwa a duniya dangin azo ce, kuma wasu daga cikinsu idan suka warware sukan saki sinadarai irin su benzidin, mai jawo ciwon daji na mafitsara. Tun a 1895 likita Ludwig Rehn ya lura da wannan cuta a jikin ma'aikatan galura a Jamus, ƙasar da ta haramta wasu nau'o'in azo a tufafi a 1994.

Masana na bin hanyoyi uku don ragargaza galura kafin ta isa kogi. Ta farko ita ce enzayim, sinadarin da halittu ke samarwa a jikinsu. Naman kazan da ke fitowa a ruɓaɓɓen itace yana fitar da wani mai suna lakkes, wanda ke datse ƙwayar galura kamar almakashi har launin ya gushe. Sai dai yana da tsada, kuma zafi ko soda mai yawa na kashe shi, alhali ruwan rini cike yake da su.

Wannan raunin ne ya ɗaga darajar hanya ta biyu, wato nanozayim. A 2007 masu bincike a ƙasar Sin ƙarƙashin Yan Xiyun suka gano cewa ƙananan ƙwayoyin wani garin ƙarfe, waɗanda ido ba ya gani, suna aiki irin na enzayim; irinsu ake kira nanozayim. Suna jure zafi, kuma bayan sun gama aiki ana janye su da maganaɗisu a sake amfani da su.

Ta uku rana ce ke tayar da ita. Taitaniyam dayoksaid, farar hodar da ake sa wa fenti, idan haske ya dake ta a cikin ruwa takan haifar da wasu ƙwayoyi masu ƙarfi da ke farfasa galura. Fujishima da Honda na Japan ne suka buɗe wannan ƙofa a 1972. Cikas ɗin shi ne hodar na amfani da kusan kashi 5 cikin 100 kacal na hasken rana, shi ya sa ake gauraya ta da wasu sinadarai don ta ƙara kama haske. Ga ƙasa mai rana irin tamu, wannan hanya abin sa ido ce.

Amma a kula: ruwa ya yi garau ba ya nufin dafi ya fita. Galura kan rasa launinta ta bar ɓurɓushin da ya fi ta illa, kuma gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke tabbatar da tsabtar ruwan. Yawancin waɗannan dabaru ma har yanzu suna matakin gwaji.

Kafin su iso, aiki na hannunmu. Marina su sa safar hannu ta roba da takalmin ruwa, su tara ragowar rini a rami mai siminti nesa da rijiya. Kada a zuba ruwan sha a jarkar da galura ta taɓa zama, kada yara su yi wasa a lambatu mai launi. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya cire galura. Masana'antar da aka ga tana sakin ruwa ba tare da tacewa ba, masu unguwa su haɗa kai su kai ƙararta ga hukumar NESREA ko ma'aikatar muhalli ta jiha.