Abin Da Ya Sa Hoto Yakan Guntule A Kwamfutocin Farko

Kwamfutocin gida na farko, irin su Commodore 64 da ta fito cikin 1982, yawanci ba su zuwa da allon kallo nasu. Mutum yakan jona su da akwatin talabijin na ɗakinsa. To, a nan wahala ta faro, gama talabijin na duniya ba iri ɗaya ba ne.

A wancan zamani talabijin yana zana hoto ne layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Na Amurka da Japan, watau tsarin NTSC, layi 525 gare shi, yana kuma share fuskarsa sau 60 cikin sakan ɗaya. Tsarin PAL, wanda Ingila da Jamus ta Yamma suka soma cikin 1967, mu ma a Nijeriya shi muka bi, yana da layi 625, amma sau 50 kaɗai yake sharewa. Asalin bambancin daga wutar lantarki ne. Ta Amurka tana kai da komowa sau 60 a sakan, ta Turai sau 50.

Bari in ba da misali da Amiga, wadda ta fito cikin 1985. A Amurka hotonta ɗigo 320 ne a faɗi, 200 a tsaye. A Turai kuwa tsayin ya kai 256. In Ba'amurke ya tsara wasa aka kai Landan, sai a ga baƙin fili na layi 56 a ƙasan allo. Wannan da sauƙi. In mutumin Turai ne ya cika layinsa 256 aka kai Amurka, sai gindin hoton ya ɓace, sau da yawa kuwa a nan ake rubuta makin mai wasa. Kamar malami ne da ya shirya jimloli 12, ya shiga aji ya tarar allon ba ya ɗaukar fiye da 9.

Har wa yau akwai batun sauri. Masu tsara wasanni sukan auna lokaci da sharewar allo. Saboda haka wasan da aka yi domin 60, in ya faɗa hannun mai 50, sai ya rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, kiɗansa ma ya riƙa jan ƙafa.

Dabarar da ta fi gamsar da ni ita ce a tambayi na'urar kafin a zana kome. Commodore 64 da kanta takan duba yawan layukanta da zarar an kunna ta, ta ajiye amsa a gurbi mai lamba 678. In sifiri ne NTSC ke nan, in 1 ne PAL. Mai tsari ya karanta wannan gurbi, ya daidaita saurin wasansa da shi. Waɗansu ba su ɗauki wannan ɗawainiya ba, sai suka tsaya a layi 200 ko'ina. Shi ya sa yaran Turai da yawa suka yi wasa a Amiga da baƙin fili a ƙasan allonsu.