Tsofaffin Kawunan Jirgin Ƙasa: Wa Zai Ba Su Baki?

Yaron da aka haifa a unguwar Mafoni ta birnin Maiduguri cikin shekaru goma da suka wuce, da wuya a ce ya taɓa jin kukan jirgin ƙasa da kunnensa, alhali kuwa garinsu ne maƙurar dogon da ya taso tun daga Fatakwal. Tashar tana nan, amma tun da rikicin Boko Haram ya tsananta jirgi ya ɗauke ƙafa. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran wannan layi, sai dai gyaran bai kai ga maido da jirgi Borno ba.

Mafoni ba baƙuwar tarihi ba ce. A kan tudunta Turawa suka kafa barikinsu a farkon zuwansu, kuma kusa da ita Shehu Abubakar Garbai ya kafa Yerwa a 1907. Shekara 57 bayan haka, watau a 1964, dogo ya iso Maiduguri daga Kuru ta kusa da Jos, ya ratso Bauchi da Gombe, tafiyar mil 400 ko kusa da haka. An fara aikin a 1958 da rancen dala miliyan 28, wanda shi ne rance na farko da Bankin Duniya ya ba Nijeriya. Gyaɗa da fatu da shanu su ne suka jawo dogo zuwa Borno. Duk wannan labari yaran Mafoni ba su da inda za su je su gan shi da ido.

ƘARFE A BAYAN SHINGE

Ko a garuruwan da aka adana wani abu, ba a cika cin moriyarsa ba. A tashar Minna akwai ɗan ƙaramin kan jirgin da ya yi aiki a layin Wushishi tun 1901, wanda ake lissafa shi na farko a Arewa. A gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai kawunan ƙaramin jirgin Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya ya kai Jos da Bukuru a 1914, aka rufe layinsa a 1957. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da inci 6 ne, na babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6.

Mai ziyara yakan zo ya tsaya, ya ɗauki hoto, ya wuce. Me ya gani? Baƙin ƙarfe kawai. Bai san cewa kafin wannan ɗan jirgi 'yan alaro ne suke ɗaukar kuza a ka tun daga Jos har Loko a bakin Binuwai ba. Bai san kuma cewa kan jirgi mai tururi abu ne mai ci da sha ba: mai zuba kwal yana tsaye gaban wuta yana ɗura mata kwal ɗin Inugu da shebur, wutar tana tafasa ruwan da ke cikin tukunya, tururi yana tura sandunan da ke juya ƙafafu. Saboda ƙishirwarsa ne aka gina manyan tankunan ruwa a tashoshi. Tun da aka fara shigo da injuna masu aiki da man dizal a 1955 kwanan masu tururi ya fara ƙarewa, har aka jingine su gaba ɗaya.

YADDA WASU SUKA YI

A gidan tarihin reluwe na birnin Yok a Ingila, wanda aka buɗe a 1975, an tsaga wani babban kan jirgi ta gefe guda kamar an fede rago, don kowa ya ga ɗakin wuta da bututun da ke cikin tukunya. Wanda ya tsaya gabansa minti biyar ya fi wanda ya karanta shafi goma fahimta, gani ya kori ji.

Saliyo ma, wadda ba ta kai Nijeriya arziki ba, ta rufe reluwenta kusan 1975, amma waɗansu kawuna da taragai suka tsira a cikin tsohon gidan gyara na Firitawun har bayan yaƙin basasa, aka mai da wurin gidan tarihi a 2005. A Ikko kuwa wata ƙungiya mai zaman kanta, Legacy 1995, ta gyara wani tsohon gidan reluwe a Ebute Metta, ta tara hotuna da kayan aiki a ciki.

ABIN DA BA YA CIN KUƊI

Ba lalle ne sai an hura wa kan jirgi wuta kafin ya ja hankali ba. Da farko a yi masa rumfa, domin ruwa da rana su ne abokan gābarsa. Sa'an nan a kafa matakala, a bar yaro ya hau mazaunin direba, ya kama shebur ya ji nauyinsa, ya ja igiyar usur da aka haɗa da iska. A ajiye dunƙulen kwal da buhun gyaɗa da tsohon tikiti da fitilar mai ba da hannu. A rubuta bayani da Hausa da Barbarci, da boko da ajami, ba da Ingilishi kaɗai ba, domin yawancin masu zuwa ba Turawa ba ne.

Amma abin da ya fi duk waɗannan shi ne mutum. Tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da leburorin dogo, waɗanda suka san zafin wutar nan a jikinsu, yau sun manyanta ƙwarai, kullum kuma raguwa suke yi. A nemo su, a ɗauki muryoyinsu, a riƙa gayyatarsu ranar da 'yan makaranta za su zo, a ba su ɗan abin goro. Dattijo ɗaya da zai dafa ƙarfen ya faɗi yadda ake hawan tudun Jos da kaya ya fi allon bayani ɗari.

Nauyin yana kan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda take da reshe a Maiduguri, da kuma Gwamnatin Jihar Borno. Tsofaffin kawuna da taragai suna yashe a filayen reluwe, ɓarayin ƙarfe kuwa ba sa barci, abin da suka yanka suka kai ma'auni ya tafi ke nan. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 ta nuna yadda takardu da hotunan da ke gidajen mutane suke salwanta a dare ɗaya. Idan aka ɗauko kai guda aka girke shi a tashar Maiduguri tun masu ba da labarinsa suna da rai, yaran Mafoni za su san abin da ya haɗa garinsu da teku, su kuma san abin da za su tambayi hukuma ta maido musu.