Kumfar da Ke Tashi a Kan Ciwo

Ɗan acaɓa ya zame a titin Magama, daf da shingen kwastan na Jibiya, gwiwarsa ta ɗaye. Mai kemis ya tsiyaya masa ruwan haidurojin, nan take ciwon ya ɗau kumfa fara fat. "Ka ga dattin yana fita," in ji 'yan kallo.

Ba datti ba ne, iskar oksijin ce. A jininmu akwai wani enzayim, wato furotin mai gaggauta aiki, sunansa katales. Shi ya farfasa haidurojin ɗin, ya mai da shi ruwa da iska. Kuma ba kwalbar mai kemis yake jira ba. Jiki da kansa yana fitar da irin wannan guba duk sa'ad da ƙwayoyinsa suka ƙona abinci, kamar yadda murhu ba ya rasa toka.

Jajayen ƙwayoyin jini su suka fi shiga hatsari, don kwana wajen 120 suke yi suna dakon oksijin. Masu share musu guba kuwa ba sa iya aiki sai wani enzayim mai suna G6PD ya ba su guzuri. Mutum kusan miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, maza sun fi yawa, kuma abin ya fi yaɗuwa inda sauro ya yi kaka-gida, domin yana ɗan kare mai shi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 1956 likitoci a Chicago suka gano wannan ƙaranci, bayan sun lura maganin firimakwin yana fasa jinin wasu mutane.

Mai wannan ƙaranci lafiyarsa ƙalau, har sai ya gamu da abin da ya fi ƙarfin jininsa. Abin takaici, biyu daga ciki suna ɗakin mai jego: kafur da ake jefawa a akwatin kayan jinjiri, da lallen da wasu ke shafa wa jarirai. Ƙwayoyin jini su fashe, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya yi ɗorawa. Sai a ce shawara ce, a fitar da yaro hantsi, a jiƙa saiwa. Shawarar ce kuwa, amma idan ta yi yawa a kwanakin farko tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓɓai.

Ɗigon jini kaɗan ya isa a gwada ko yaro yana da ƙarancin G6PD. Kafur ɗin kuma, ranar Lahadi a kasuwar Jibiya, yana nan a tire kusa da sabulu.