Bushin farfela ya ƙi fita: a ajiye babbar guduma

Duk mai tsohuwar Marsandi a Damagaram ya san wannan kyarma. Cikin gari ba a jin ta, don tsakanin Birni da Zango ƴan kabu-kabu da masu amalanke ba sa barin mutum ya sake wa mota ƙafa. Sai an hau kwaltar Mirya ko ta Matamaye, allura ta haura 70, sannan kujera ta fara rawa, madubi ya ɗauki ɓari. A kai wa mai taya ya daidaita, ba ta daina ba. Daga nan bakanike zai leƙa ƙasa, ya girgiza farfela da hannu, ya fito yana karkaɗe wando: “Alhaji, sai dai a sake ta gaba ɗaya.”

Sau da yawa abin bai kai nan ba. Tawa 190 ce, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1982 da 1993, kuma a ƙofar gida nake yi mata yawancin gyaranta. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke ɗauko juyi daga akwatin giya ta kai wa tayoyin baya. A wannan mota gida biyu ce, da boris a tsakiya yana riƙe da ita. A kowane bakinta akwai faifan roba mai shanye fizga, a tsakiyar faifan kuma akwai ɗan bushi wanda bai kai babban yatsa tsawo ba: ƙarfe a waje, roba a ciki. A bakin gaba, wani ɗan tsinken ƙarfe da ya fito daga akwatin giya shi ke shiga cikinsa. Aikin bushin ke nan, ya tsayar da sandar daidai tsakiya. Mota na gudun kilomita 100 a awa, farfela na juyi tsakanin sau 2500 da 3000 a minti ɗaya. A wannan gudu, ko kaurin farce ta kauce daga tsakiya, sai na kujerar baya ya ji a haƙoransa.

Ƙasarmu ba ta raga wa roba. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce 40, ya busar da ita. Ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da giris ta dinga cin tsinken. Damina ta zo a ratsa kwari, ruwa ya kwanta a ramin da bushin yake ciki, tsatsa ta ɗinke bushi da farfela suka zama abu guda. Wanda ke bin hanyar Tanut kuwa, nasa ba ya kai na wasu daɗewa.

Kafin a taɓa sifana, a fara da maganar rai. Da zarar an kwance farfela, giya ta daina riƙe mota. Birkin hannu da abin da aka tokare tayoyi da shi kaɗai suka rage. Ƙofar gidajenmu rairayi ce, jak yana nitsewa a hankali ba tare da an lura ba. Bulon siminti kuma ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi farat ɗaya. Katako mai kauri a ƙarƙashin jak, kututture ko ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin mota, duwatsu gaba da bayan taya. Dutse dai ba ma rasa shi a wannan gari.

Sannan fenti. Wannan ne abin da na fi ganin yaran gareji suna tsallakewa. A masana'anta an auna nauyin farfela a haɗe, har an manna mata ƴan ƙarafa a jiki don ta daidaita. In aka raba gida biyun aka mayar da su a wani haƙori daban, an sayi kyarmar da babu bushin da zai warkar. A ja layi da farin fenti a kowace mahaɗa tun tana jikin mota. A kuma auna yadda tsohon bushi ya leƙo waje, a rubuta, domin haka sabon zai zauna.

Wahalar cire bushin ɗaya ce: ramin da yake ciki ba shi da ƙofar baya. Ba a samun inda za a doko shi. Mai gaggawa sai ya ɗauko babbar guduma da kurfi ya far masa ta gaba, alhali duk bugu ƙara tura shi ciki yake yi, yana kuma buɗa bakinsa ya ƙara cijewa. Mafi muni, bututun farfela ba shi da kaurin da ake zato. Guduma ta kuskure sau ɗaya ta loɓa shi, to maganar bakanike ta tabbata, sai an sake duka.

Ga yadda nake yi. Tun da dare in jiƙa gefen bushin da man kwance tsatsa, in babu, gazuwal ma yana taimakawa. Da safe in ɗaure farfelar a kan benci, da tsumma a tsakaninta da ƙarfen da ya matse ta. In cika ramin da giris maƙil, ina dannawa da yatsa har iska ta fita. Sai in kawo sandar ƙarfe wadda ta cika bakin bushin cif, in sa, in buga. Kamar turmi da taɓarya ne, sai dai abin da ake dakawa a nan ba ya dakuwa. Giris ba ya matsuwa, ba shi da hanyar fita, don haka ƙarfin bugun yakan juyo ta bayan bushin ya turo shi waje. Wannan ita ce ƙa'idar da Blaise Pascal, Bafaranshe, ya bayyana a ƙarni na 17, kuma da ita jak mai mai ke ɗaga mota. Bayan ƴan bugu sandar za ta nitse. A zare ta, a ƙara giris, a sake. Da farko kamar ba abin da ke motsi. Can sai a ga wani siririn zobe mai haske ya bayyana a gindin bushin, wurin da tsatsa ba ta taɓa ba. Ya taso ke nan.

Sirrin duk yana ga sandar. In ta yi sako-sako, giris zai feso fuska, shi ya sa tabarau ya zama dole. Ni tawa, mai injin sassaƙa ƙarfe na kai wa sabon bushi ya fiƙe mini tsohuwar kusa daidai bakinsa. Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ba zai gagara fiƙe kusa ba. In robar ciki ta yage har giris na tserewa, a koma ga cikin burodi ko takardar da aka jiƙa. Suna da kauri, ba sa bin ƙaramar kafa. Yara za su yi dariya in sun ga ana ɗura wa mota burodi, a bar su su yi.

Wani bushin kuwa ba ya jin wannan. In ya leƙo waje sosai, a huda shi ta gefe da abin huji mai kaurin milimita 10, a zura ƙarfe ya ratsa, a ɗaga da ƙarafan cire taya biyu, hagu da dama lokaci ɗaya. In bai leƙo ba, a ƙwaƙule robar, a zura tsinken zarton ƙarfe a yanka ɓawonsa ta ciki a tsaye, a hankali, a tsaya kafin haƙori ya taɓa jikin farfela. Da ɗan kurfi sai a lanƙwasa shi ciki, ya saki. Aiki ne na mai haƙuri, yana iya cin yamma guda.

Walda ita ce ta ƙarshe a wurina, ko da yake masu gareji sun fi son ta don sauri. Akan liƙa wa bushin noti a ja, zafin ma yana sa ya sake. Amma wutar na iya taɓa bakin farfela ta karkatar da shi, robar tana kamawa, kuma gidaje nawa ne a garin nan babu jarkar fetur a zaure? In ta kai ga walda, a ɗauki farfelar a kai wa mai walda shagonsa.

Kan batun a sake duka, ba na cewa bakanike mugunta yake nufi. Sauya farfela ya fi masa sauƙi, kuma tsofaffin da ake kawowa daga Ƙofar Ruwa ta Kano ba sa wuyar samu. Sai dai wadda za a kawo ɗin ma daga jikin mota mai shekara 30 ko fiye aka ciro ta, da bushinta tsararta. An biya kuɗin farfela don a sayi matsalar da ake da ita. Inda sauyi ya wajaba shi ne in bututun ya loɓa, ko mahaɗar tsakiya ta yi wasa.

Sa sabon ba ya ɗaukar lokaci. A goge ramin da takarda mai yashi har ya yi haske. A sa bushin cikin leda a ɗora kan ƙanƙara ya ɗan tsuke, masu ƙanƙara na nan ko an ɗauke wuta. A dasa shi a miƙe, a ɗora bututun da ya yi daidai da ɓawonsa na waje, a dinga bugu da ƙaramar guduma har ya kai awon da aka rubuta. Kada bugu ya sauka kan robar. A shafa giris kaɗan a ciki. A duba tsinken akwatin giya: in ya cinye ya yi tudu da kwari, sabon bushi ba zai kai damina ba. Faifan roba ma, in ya tsattsage ko zare ya fito, yanzu ne lokacin sauya shi, tun da an riga an kwance. A haɗa layukan fenti, a ɗaure notoci a hankali bi da bi, a sauke mota, a yi mata gwaji a kwalta, bayan ƴan kwanaki a sake shiga ƙasa a bi notocin da sifana.