Daga Ɗan Issa Zuwa Birnin Kudu: Yadda Kogon Dutse Ke Karɓar Baƙi

Idan ka ce "kogo" a Ɗan Issa, abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne kogon kuka, inda zuma ke kama gida, ko mujiya ta wuni. Ƙasarmu ta rairayi ce da gonakin hatsi, dutse sai jefi-jefi. Shiga cikin ƙasa kuwa, wanda muka sani a ƴan shekarun nan shi ne ramin zinariya, kuma mun ɗanɗani ɗacinsa. A watan Nuwamba na 2021 rami ya rufta da masu haƙa a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su. Don haka idan mutumin yankin nan ya ji an ce akwai garuruwan da baƙi ke biyan kuɗi a shiga da su cikin dutse, ya girgiza kai ya ce "ina dalili?", bai yi laifi ba.

Sai dai rami daban, kogo daban. Rami jiya aka haƙa shi da diga da shebur, bangonsa bai zauna ba. Kogo kuwa ya yi dubban shekaru yana zama. A rami, ƙasa ce ke cutar da mutum. A kogon da aka tsara don baƙi, mutum ne ya fi cutar da kogon. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin ƙofa da tikiti da ɗan jagora da duk dokokin da ake gindaya wa mai ziyara.

Yadda kogo ke samuwa

Kogunan dutse da suka fi yawa a ƙasar Hausa na dutse mai tsauri ne, irin na Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara. Irin dutsen nan ne ke kwance ƙarƙashin rairayin kudancin Maradi, yana ɗan leƙowa waje a wasu wurare kusa da iyaka. Duk tsaurinsa yana da tsagu. Ruwan damina ya shiga tsagun ya jiƙa su, rana ta gasa, sanyin dare ya biyo baya. A hankali sai bayan dutsen ya riƙa ɓarewa ɓawo-ɓawo kamar albasa, kusurwoyinsa su goge, ya rabu gida-gida. Ƙasar da ke tsakani ruwa ya kwashe ta, manyan duwatsu su jingina da juna, a samu ɗaki a ƙarƙashinsu. Irin wannan kogo ba shi da zurfi sosai, hasken rana ma yakan leƙa ciki. Alhazanmu da suka hau Jabalun Nur a Makka sun ga misalinsa a kogon Hira, inda aka fara saukar wa Annabi (SAW) wahayi: duwatsu ne jingine da juna, wurin bai ɗaukar fiye da ƴan mutane kaɗan.

Iri na biyu shi ne na dutsen farar ƙasa, wato irin wanda ake siminti da shi a Malbaza da Kalambaina. Shi wannan ruwa ne ke cin sa. Ruwan sama idan ya ratsa ƙasa yakan ɗauki iskar kabon, irin wadda muke fitarwa a numfashi, sai ya yi ɗan tsami wanda harshe ba ya ji, amma dutsen yana ji. Ya bi ƴar tsaga yana lasa, tsaga ta zama kwararo, kwararo ya zama zaure, wani lokaci har kogi ya riƙa gudu a ciki. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma kogo kan buɗe.

Ruwan da ya ci dutsen shi ne kuma ke yi masa ado. Dubi cikin tsohuwar butar shayi da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki, za ka ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta. Haka kowane ɗigo da ya tsattsafo daga rufin kogo yake barin ɗan farin dutse kafin ya faɗi, ya kuma bar wani inda ya faɗa. Na sama ya riƙa zurowa kamar hauren giwa, na ƙasa ya riƙa tasowa kamar turmi a kife, har wata rana su haɗu su zama ginshiƙi. A wurare da yawa tsawon ɗan yatsa guda yana cin ɗaruruwan shekaru. Abin da yaro zai karya da hannu ɗaya ya sa a aljihu, tun kafin a haifi kakan kakansa ake gina shi.

Cikin kogo mai zurfi babu bazara babu hunturu. Dutse mai kauri yana riƙe matsakaicin zafin shekarar wurin, dare da rana. Shi ne abin da muke ji a ruwan rijiya mai zurfi, da ɗumi a lokacin ɗari, da sanyi a lokacin zafi. Ruwan bai canja ba, iskar waje ce ta canja.

Abin da ke Birnin Kudu

Mutumin Ɗan Issa da ke son gani da idonsa ba sai ya ƙetare teku ba. Ya bi ta Jibiya, ya wuce Katsina, ya isa Kano, daga nan ya ɗauki hanyar Maiduguri. Bayan tafiyar sama da kilomita 100 zai isa Birnin Kudu a jihar Jigawa. A duwatsun da ke kewaye da garin, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai abubuwa biyu da suka sa sunan garin ya shiga littattafan masana.

Na farko zanen shanu ne a bangon koguna. Ka sunkuya ka shiga inuwar dutsen, ka dakata har idonka ya saba da duhu-duhun wurin. Da farko ba ka ganin komai sai jirwaye. Can sai ƙaho ya fito, sai doron baya, sai ƙafafu, da ja da fari. Abin da makiyayi zai fara lura da shi shi ne shanun ba su da tozo. Bunaji da Rahaji da Azawak da muke gani a kasuwannin dabbobi duk masu tozo ne. Waɗannan kuwa bayansu shafe yake, wasu da dogayen ƙahoni, wasu da gajeru. Ashe kenan waɗanda suka yi zanen sun yi kiwon wasu irin shanu da yanzu ba a ganin su a garken yankin. Ba su bar takarda ba, bangon nan kaɗai suka bari.

Na biyu duwatsu ne masu amo. Falle ne na dutse da ya ɓare daga uwarsa ya tsaya a sagale, gefensa bai taɓa ƙasa ba. Ka ɗauki ɗan dutse daidai tafin hannu ka buga gefen, sai ka ji ƙara kamar ta ƙararrawa ko ƙuge. Ka matsa taki ɗaya ka buga, amon ya sauya. A bakin fallen akwai ƴan kwarmi masu santsi, inda hannuwan mutanen da suka gabata suka yi ta bugu har dutse ya lotsa. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya bincika waɗannan duwatsu a 1955, ya buga bayaninsu a 1956. Mutanen gari sun san da su tun kafin zuwansa, shi dai ya kai labarin ga duniya. A yau wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta Najeriya, kuma ta wurin ma'aikatanta ya kamata baƙo ya bi.

Yadda ake mayar da kogo wurin ziyara

Kogo ba ya zama wurin baƙi don kawai yana da kyau. Sai an fara auna shi, a san inda rufi ke da ƙwari da inda ruwa ke bi idan an yi ruwan sama. Sannan a fitar da hanya guda, a yi matakala da abin dafawa, domin ƙafa dubu su taka wuri ɗaya, sauran wurin ya huta. A sa ƙofa, a ƙayyade yawan mutanen da za su shiga a kowane zubi, a horar da ƴan jagora daga cikin ƴan gari, tun da da ɗan gari akan ci gari.

Wani ƙaramin gari mai suna Postojna a ƙasar Sloveniya ya daɗe da nuna yadda ake yi. An buɗe kogonsa ga baƙi a 1819. A 1872 aka shimfiɗa layin dogo a ciki, ƴan jagora na tura baƙi a ƙananan taragu. A 1884 aka sa wutar lantarki. Kogon ya kai kilomita 24, amma kimanin 5 kawai ake nuna wa masu ziyara. Sauran an bar shi ga masu bincike da halittun da ke rayuwa cikin duhu. Kuɗin ƙofa kuma ba shi ne babban amfanin gari ba. Baƙo zai hau mota, zai ci abinci, zai kwana, zai sayi tsaraba. A namu yanayin, mai kabu-kabu da mai fura da mai tsire da mai saƙar tabarma duk suna da rabo.

Darasin Lascaux

A watan Satumba na 1940 wasu samari huɗu suka gano wani kogo kusa da garin Montignac a Faransa. Bangonsa cike yake da zanen dawakai da bijimai da barewa, waɗanda aka kiyasta sun kai shekara 17,000. Aka buɗe shi ga jama'a a 1948, har ya kai ana shiga mutum kusan 1,200 a rana. Babu wanda ya zo da niyyar ɓarna. Amma kowane mutum yana shigowa da numfashi da zafin jiki da gumi da ƙurar takalmi. Fitilun da aka kunna kuma suka ba gansakuka hasken da take bukata, ta fara tsirowa a bango. Wani farin ɓawo ya soma rufe zane. A 1963 gwamnati ta rufe kogon. Abin da ya yi shekara 17,000 lafiya lau cikin duhu, shekara 15 na baƙi suka kusa gamawa da shi. Sai da aka gina kwafinsa a kusa, aka buɗe a 1983, kuma kwafi ne baƙi ke kallo har yau.

Daga wannan ne masu kula da koguna suka ɗauki darasi: fitila marar zafi, a kunna idan ayari ya iso, a kashe idan ya wuce, a riƙa auna iska da laima, a rage mutane idan awo ya nuna haka.

Ladubban mai ziyara

Kada ka taɓa zane. Maiƙon tafin hannu yana manne wa dutse, ya kama ƙura, ya dushe launi. Kada ka watsa masa ruwa don ya fito a hoto, ruwan yana tafiya da launin. Kada ka hura wuta a ƙarƙashin dutse, hayaƙi yana rufe bango, zafi kuma yana ɓare shi. Kada ka rubuta sunanka da gawayi ko alli ko fenti. Kada ka ɗauki ko da katangar tukunya ce ka gani a ƙasa, domin inda take kwance yana gaya wa mai bincike abin da ba za ta iya gaya masa ba idan tana cikin aljihunka.

Ka kula da kanka kuma. Ka sa takalmi mai riƙe dutse, ka riƙe ruwan sha da tocila, ka je da safe kafin dutse ya ɗauki zafi. Kada ka zura hannu cikin tsagar da ba ka ga ƙarshenta ba, gidan kunama da maciji ne. Ka yi hankali da zuma, ba ta son hayaniya. Inda jemagu suka yi yawa kada ka tone busasshen kashinsu, ƙurarsa na iya jawo ciwon huhu. Amma kada ka kashe su, ƙanana daga cikinsu ƙwari suke ci, manya kuma suna yaɗa irin itatuwa. Kafin ka tashi daga gida ka tambayi halin da hanya ke ciki, ka kuma tanadi takardunka na ƙetare iyaka. Idan ka isa, ka gai da manyan gari, ka bi bayan ɗan jagora, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da jayayya ba.

Mu a gida

Gundumarmu ta Madarunfa ba ta da kogo irin na Postojna, amma ba hannu rabbana take ba. Tun 2006 Nijar ta sa dajin Madarunfa da tafkinta da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Akwai kuma dajin Baban Rafi. Dokar da ke tsare kogo ita ce za ta tsare su: hanya guda, ɗan jagora ɗan gari, ƙayyadadden yawan baƙi, da kuɗin shiga da kowa ya san inda yake tafiya.

Ina kira ga malaman makarantunmu su kai yara waɗannan wurare, su koya masu kallo da ido ba da hannu ba. Ina kira ga magadan gari da sarakuna su zauna da dattawa, a rubuta sunan kowane dutse da tsohuwar rijiya da kufai da ke ƙasarsu, tun masu sanin labarin suna raye, tun kuma masu fasa dutse ba su riga mu isa ba. Kai kuma mai karatu, idan Allah ya kai ka Birnin Kudu, ka tsaya gaban shanun nan marasa tozo ka more kallo, sannan ka fito ka bar su yadda ka same su, domin jikanka ma yana da haƙƙin ya zo ya gani.